Kowa Ya Sayi Rariya: Gwajin Ruwa Ga Agogon Nutso Na Jabu



Watakila wasu za su yi mamakin yadda aka yi agogo ya zama kan maganarmu a wannan zaure, alhali kuwa ga manyan matsaloli sun sha wa ƙasa kai. To, amma in muka dubi hannuwan da ke cikin zauren nan, za mu ga maganar ta shafi aljihun da yawa daga cikinmu. Da zarar alawus ya fito, ko albashin farko ya shigo hannu, sai a nufi kasuwa a sayo agogo mai nauyi, mai baƙar fuska da zobe mai juyawa, an buga masa sunan wani babban kamfanin Suwizalan, a ƙarƙashin sunan kuma an rubuta mita 300. Mai saye ya san ba na asali ba ne, domin abin da ya biya bai kai ko kuɗin madaurin na asalin ba. Abin da yakan manta shi ne, hannun da ya kwaikwayi sunan, shi ne ya kwaikwayi lambar. Saboda haka tambayoyi uku muke so mu amsa a yau. Shin wannan agogo zai hana ruwa shiga? Ta yaya za a gane haka ba tare da an kashe shi a wajen gwaji ba? In kuwa an same shi yana yoyo, daga ina ne, kuma mene ne maganinsa?

Asalin agogon nutso

A shekarar 1926 kamfanin Rolex ya fito da agogon da ya kira Oyster, wanda murfinsa da makunninsa, watau ɗan kan nan da ake murzawa a gyara lokaci, duk ɗaure su ake yi da murɗi. A 1927 wata 'yar Ingila mai suna Mercedes Gleitze ta yi iyo na fiye da awa 10 a mashigin tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa tana ɗauke da shi, ta fito yana tafiya. Agogon masu nutso irin wanda muka sani a yau ya bayyana ne a 1953, lokacin da Blancpain ya fito da Fifty Fathoms, Rolex kuma ya ƙera Submariner mai jure mita 100. Seiko na ƙasar Japan ya bi sahu a 1965.

Ba don ado aka ƙera waɗannan agogai ba. Mutumin da ya daɗe a zurfin teku, iskar da yake shaƙa tana narkewa cikin jininsa, in kuwa ya wuce ƙa'idar lokaci ya taso da gaggawa, sai ta yi kumfa a jijiyoyinsa, abin da kan jawo shanyewar jiki ko mutuwa. Kafin ƙananan kwamfutocin nutso su yaɗu daga shekarun 1980, agogo shi ne abin da yake ƙidaya masa mintocin ransa. Shi ya sa aka yi zoben minti yana juyawa ta gefe ɗaya tak, domin in ya goce da kuskure, ya nuna wa mai nutso lokaci ya ƙure tun bai ƙure ba.

Da yake rai ake magana, hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta kafa ƙa'ida ta musamman mai lamba 6425. A ƙarƙashinta, ba a kiran agogo na nutso sai ya jure aƙalla mita 100, kuma sai an gwada kowane agogo ɗaya bayan ɗaya a matsin da ya ɗara abin da aka rubuta masa da kashi 25 cikin 100. Watau mai mita 300 sai ya ga matsin mita 375 kafin ya bar masana'anta. Akan kuma jiƙa samfurinsa awa 50 a ruwa, a tsoma shi a ruwan ɗumi mai digiri 40, a mai da shi mai sanyi mai digiri 5, a sake mai da shi na ɗumi, kana a bar shi awa 24 a ruwan gishiri. Wannan wahala ita ce ke bayan lambar da ke fuskar agogon asali. Mai jabu kuwa fenti kawai ya saya ya buga tasa lambar. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Nauyin ruwa

Domin mu san abin da ake nema daga agogo, bari mu yi ɗan lissafi. Duk mita 10 da aka nutsa cikin ruwa, matsi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. Wannan awo shi ake rubutawa ATM ko BAR a bayan agogo, kada wani ya ɗauka na'urar cirar kuɗi ake nufi. Gilashin agogo mai faɗin santimita 3 yana da fili wajen murabba'in santimita 7. A mita 100 ke nan kilo 70 ne a kansa, a mita 300 kuwa kilo 210, fiye da buhu huɗu na shinkafa mai kilo 50, duk a kan abin da bai fi bakin kofin shayi ba.

Gaskiya ne babu ɗayanmu da zai kai wannan zurfi. Masu nutso don nishaɗi ba su wuce mita 40, kuma a 2014 wani Bamisre, Ahmed Gabr, ya nutsa mita 332 a Bahar Maliya da tukwanen iska a bayansa, duniya ta yi ta mamaki. Ruwan da ke kashe agogonmu shi ne na alwala sau biyar a rana, da ruwan sama mai kama mutum a kan babur da damina, da gumin bazara, da kumfar sabulu wajen wanki. A nan ne kuma wani abin mamaki yake. Matsi mai ƙarfi yakan danne murfi da gilashi a kan robarsu har su ƙara liƙewa, saboda haka akan sami agogon da ya jure babban matsi amma yana yoyo a bakin buta, inda babu abin da zai danne robar. Shi ya sa gwaji na gari yake haɗa ƙaramin matsi da babba.

Ƙofofin da ruwa ke bi

Ƙarfen gidan agogo ba ya yoyo. Ruwa yana bi ne ta inda abu biyu suka haɗu, kuma wuraren uku ne a kowane agogo. Na farko murfin baya, wanda ke zaune a kan siririn zoben roba. Na biyu gilashi, wanda akan danna cikin wani zobe mai tauri na leda. Na uku makunni da ɗan bututun da yake ɗaurewa a kai, inda ake sa ƙananan zobban roba biyu ko fiye, kuma nan ne aka fi samun matsala, domin shi kaɗai ake buɗewa ana rufewa kullum. Wasu agogan suna da ƙofa ta huɗu, wata 'yar mafita a gefe da aka ƙirƙiro a shekarun 1960 don fitar da iskar hiliyam ga ma'aikatan da ke kwanaki a ɗakunan matsi a ƙarƙashin teku. A jabu, wannan mafita wani lokaci zane ce kawai, wani lokaci kuwa huda ce ta gaske da ba a toshe da kyau ba.

Masu jabu sun ƙware wajen abin da ido ke gani: launin fuska, da siffar harufa, da nauyi a hannu. Robar da ke ɓoye a ciki ba ta sayar da agogo, don haka a nan ake tsimi. Masu gyara sukan buɗe sabon jabu su tarar da roba a bushe babu mai, ko ta murɗe, ko ba girmanta ba ne, ko ma babu ita sam. Agogo biyu daga kwali ɗaya, wannan ya jure iyo, wancan ya yi hazo daga wanke hannu. Ba za a iya ɗora shaidar ɗaya a kan ɗaya ba, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yadda ake gwaji

Ka'ida ta farko ita ce, kada a jefa agogo cikin bokiti a ce gwaji ake yi. In ya jure, ba a koyi kome ba, domin zurfin bokiti bai kai rabin mita ba. In kuwa bai jure ba, an sami amsa amma an rasa agogo. Gwajin masu sana'a iri uku ne, kuma da iska ake farawa.

Na farko shi ne gwajin busasshe. Akan sa agogo cikin wata na'ura mai rufi, irin wadda kamfanin Witschi na Suwizalan ke ƙerawa, a ɗora wani ɗan ma'auni a kan gilashinsa, sannan a zuƙe iskar ciki ko a ƙara ta. Agogon da ke rufe ruf yakan ɗan lotsa ko ya kumbura kaɗan, ya tsaya a haka. Mai yoyo kuwa ba ya motsi sam, ko ya lotsa ya koma yadda yake, domin iskar ciki da ta waje sun daidaita. Ba ɗigon ruwa ko ɗaya a wannan gwaji, don haka ana yin sa da inji a ciki. Aibinsa guda ne: yana faɗin akwai yoyo, ba ya nuna wurin.

Na biyu shi ne gwajin kumfa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya riga ya san hikimarsa. Mai faci yakan hura tif ya tsoma a ruwa, inda kumfa ta taso nan ne huda. Bambancin kawai shi ne agogo ba shi da bakin hurawa, sai a yi masa dabara. Na'urar wata kwalba ce mai kauri, mai murfi da famfo da ma'auni, an zuba mata ruwa zuwa rabi. Akan cire injin agogo tukuna, a mai da murfi da makunni a ɗaure, a rataye gidan a sararin da ke bisa ruwa. Sai a buga famfo har matsi ya kai ATM 3, a dakata minti biyu ko uku. In akwai huda, iskar nan mai matsi za ta kutsa cikin agogon. Daga nan a sauke shi cikin ruwa, a riƙa sakin matsin a hankali. Yanzu iskar da ke cikin agogo ta fi ta waje ƙarfi, dole ta nemi hanyar fita, sai a ga kumfa tana tasowa a jere kamar carbi daga daidai wurin da ya lalace. Muddin iska na fita, ruwa ba ya shiga, saboda haka a ɗaga agogon daga ruwa kafin matsin ya ƙare.

Akwai abubuwa uku da ke ruɗin mai koyo a nan. Ɗaya, kumfa biyu ko uku da ke fitowa daga ƙarƙashin zoben minti su tsaya, iska ce da ta maƙale a lungu, yoyo na gaske jere yake yi ba ya yankewa. Biyu, in aka saki matsi gaba ɗaya, iskar ciki tana iya tunkuɗo gilashi ya fice, ruwa ya cika gidan, wannan ne ma dalilin cire inji tun farko. Uku, irin waɗannan kwalabe na teburin mai gyara yawancinsu ba su wuce ATM 3 zuwa 10 ba. Agogon da ya ci gwajin ATM 6 ya nuna zai jure alwala da ruwan sama da iyo. Bai nuna kome game da mita 300 ba, wannan sai babbar tukunyar matsi ta ƙarfe.

Na uku shi ne gwajin raɓa, wanda akan yi bayan agogo ya shiga ruwa, don a tabbata babu abin da ya kutsa. A ɗumama agogo a kan faranti mai zafin digiri 40 zuwa 45, a ɗiga ruwa mai sanyin ɗaki a kan gilashi, a jira minti ɗaya a share. In akwai damshi a ciki, zai taru a ƙarƙashin gilashin daidai inda ɗigon ya zauna, kamar yadda raɓa ke kwanciya a jikin kwalbar ruwan sanyi. Ɗan hazo da ya ɓace nan take yakan kasance damshin iskar da aka rufe agogon da ita, musamman in da damina aka buɗe shi. Hazon da ya zauna, ko ya zama ɗigo-ɗigo, ruwa ne ya shiga.

Gano ciwo da maganinsa

In kumfa ta fito daga murfin baya, an yi sa'a, domin shi ne mafi sauƙin gyara. A cire zoben roba a duba ko ya tsage, ko ya baje, ko murfi ya cije shi. A share ramin da yake kwanciya, domin silin gashi ɗaya ko ɓurɓushin ƙarfe da aka bari daga masana'anta ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. A auna faɗin ramin da kaurin zoben a sayo daidai da shi, a shafa masa man silikon kaɗan, a ɗaure murfin da abin ɗaurinsa. Aikin man shi ne ya bar roba ta zame ta zauna daidai ba tare da ta murɗe ba, ba ya toshe huda. Basilin da man keke ba nasu ba ne wannan wuri, suna narkewa da zafi su malala cikin inji.

In daga makunni ne, a duba abu huɗu bi da bi: ko zobban ciki suna nan, ko haƙoran murɗi sun cinye, ko bututun da kansa yana girgiɗi a jikin gida, ko kuma sandar da ta haɗa makunni da inji ta yi tsawo har tana hana shi ɗaurewa zuwa ƙarshe. Wannan na ƙarshe ba ya bayyana a gidan da aka cire wa inji, shi ya sa tilas a sake gwajin busasshe bayan an mai da kome wurinsa.

In daga gilashi ne, yawanci ya zauna a karkace ko zobensa ya fashe. Zoben gilashi in an cire shi ba a mai da shi, sabo ake sawa, a danna da matsi na musamman daidai wa daida, kuma ba a shafa masa mai. Wanda ya zagaye bakin gilashi da gam ya ɓoye ciwo ne kawai, zafin rana ɗaya zai tona shi. In kuwa mafitar hiliyam ce ke yoyo, masu gyara kan toshe ta daga ciki gaba ɗaya, tun da ba wanda zai bukace ta a cikinmu.

Abu ɗaya ake gyarawa a sake gwaji, sannan a wuce na gaba. Wanda ya canza kome a lokaci guda, ko yoyon ya tsaya bai san abin da ya tsai da shi ba. Kuma shaidar gwaji ba ta dawwama. Roba tana tsufa, zafin ƙasarmu da ƙurar hunturu da sabulu da turare suna gaggauta tsufanta. Duk wanda ke shiga ruwa da agogo, na asali ne ko jabu, ya kamata ya kai shi gwaji shekara-shekara, da kuma duk lokacin da aka buɗe bayansa.

Idan kuwa ruwa ya riga ya shiga, kada a jira. Binne agogo a cikin shinkafa ba ya fitar da ruwan da ke bayan murfi a rufe, ajiye shi a rana kuwa yana mai da ruwan tururi ya zagaye inji. A kai shi wurin mai gyara a ranar, a buɗe, a busar, a wanke, a sake mai. Ƙafafun inji na ƙarfe ne siriri, tsatsa tana kama su cikin 'yan kwanaki, in ruwan gishiri ne ma ba ta kai haka ba.

Kammalawa

Jama'a, ko da jabu ya ci duk gwajin nan, shawararmu ita ce kada kowa ya ɗora ransa a kansa a zurfin ruwa, domin ba a san ƙarfin gilashinsa da ƙarfensa ba. Kada kuma wanda ya gaji da nasa ya sayar wa ɗan'uwansa da sunan na asali, wannan algus ne. In aka haɗa kuɗin jabu da na roba da na gwaji da ladan mai gyara, sau da yawa sun isa sayen agogon Casio ko Seiko ko Citizen mai mita 200, wanda ke ɗauke da sunan mai shi na gaskiya, da kamfanin da za a iya tuhuma in ya yi ƙarya. Araha ba ta ado, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Harkar jabu ba ƙaramar harka ba ce. Rahoton da ƙungiyar OECD da ofishin kare haƙƙin ƙirƙira na Tarayyar Turai suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cinikin jabun kaya tsakanin ƙasashe a 2019 da dala biliyan 464, watau kashi 2.5 cikin 100 na cinikin duniya. Agogo shi ne mai sauƙin ciki, domin in ya mutu kuɗi kaɗai aka rasa. A cikin wannan lissafi akwai magani, da birkin mota, da wayar lantarki. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan, gobe su ne za a kawo wa takarda a ofis su sa hannu cewa an gwada simintin gada, ko bututun ruwan gari, ko maganin da za a raba a asibiti. Ranar da takardar ta zo teburinku, muna roƙonku ku tambaya wa ya yi gwajin, da wace na'ura, a wane awo, kuma ku je ku gani da idonku kafin ku ɗauki alƙalami, domin gani ya kori ji. Wanda ya sa hannu a kan abin da ba a gwada ba, aikinsa ɗaya da mai buga mita 300 a fuskar jabu, sai dai shi rayukan jama'a ne a ƙarƙashin lambarsa.